Manta'uwa da keken ɗinkin Mama

Ranar Talata aka ba ni jagorar nazari a Zumuntar Mata, kuma Uwar Zumunta da kanta ta zaɓa mini wurin karatu: Farawa sura 29 da 30 a Littafi Mai Tsarki, labarin Lai'atu da Rahila, matan Yakubu. Na ce a raina wannan ai ba wuya, tun muna makarantar Lahadi muke jin sa. Daren Litinin bayan na gama duba takardun ɗalibai na ɗauko biro na rubuta kan magana da manyan baƙaƙe, "Kishi kumallon mata." Na jera 'yan bayanai a ƙarƙashi, na kwanta ina jin na gama aiki.

Washegari muka yi waƙa biyu, aka ajiye tulu da caki, na tashi na karanta, na yi bayanina. Mata suna ta gyaɗa kai. Da muka iso inda Rahila ta ce wa Yakubu ya ba ta 'ya'ya ko ta mutu, har dariya aka yi. Ina shirin rufewa da addu'a ke nan sai wata tsohuwa da ke zama a bencin baya kusa da ƙofa, saboda ciwon ƙafa, ta ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Malama, 'yata, ni tambaya gare ni. Daren nan da aka kai Lai'atu ɗakin Yakubu, wa ya tambaye ta ko tana so?"

Aka yi tsit. Na duba takardata sama da ƙasa, ba abin da zai cece ni. Na ce, "Mama, ba a rubuta cewa an tambaye ta ba." Ta ce, "To." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ba ta ƙara ko uffan ba. Sai daga baya wata ta raɗa mini cewa tsohuwar nan ita ce bora a gidan mijinta har ya rasu.

Da na koma gida na sake buɗe wurin, amma wannan karon daga baya na faro, daga sura 27. Domin Yakubu ba neman aure ya kai shi Haran ba tun farko, gudun ceton rai ne. Uwarsa Rifkatu ce ta sa masa tufafin wansa Isuwa, ta rufe masa hannuwa da wuya da fatar 'yan awaki, ta tura shi gaban Ishaku wanda idonsa ya riga ya dushe, ya karɓe albarkar ɗan fari. Isuwa ya ce sai ya kashe shi. Rifkatu ta ce ya je wurin ɗan'uwanta Laban ya yi 'yan kwanaki har zuciyar wansa ta huce. 'Yan kwanakin nan su ne suka zama shekara 20, kuma babu inda aka rubuta cewa uwa da ɗa sun sake haɗa ido. Haran ɗin nan har yau tana nan, a kudancin Turkiyya dab da iyakar Siriya.

A bakin rijiya ya fara ganin Rahila tana kora tumakin ubanta Laban. Ya ture dutsen da ke bakin rijiyar shi kaɗai, ya shayar mata da garke, ya sumbace ta, ya fashe da kuka. Bayan wata guda Laban ya ce ya faɗi ladan aikinsa, ya ce zai yi bautar shekara 7 a ba shi Rahila. Game da 'yan matan biyu, abin da aka ce kaɗan ne. Rahila kyakkyawa ce, dirarriya. Lai'atu kuwa idonta kawai aka ambata, da wata kalmar Ibrananci da ke iya nufin raunin ido, tana kuma iya nufin taushinsa. Duk mun san irin wannan yabon. Idan aka ce wa yarinya "ai tana da hankali" alhali ƙanwarta ake ta kallo, ta san abin da aka faɗa mata.

Sai daren biki. Na daɗe ina juya wannan wuri, domin duk wadda ta taɓa raka amarya ta san ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai gwaggo, akwai inna, akwai ƙawaye, akwai mai riƙe fitila. A nan kuwa ba a ambaci uwar yaran ba ko sau ɗaya, daga farkon labarin har ƙarshensa. Uba ne ya tara mutanen gari ya yi walima, uba ne ya ɗauki 'yarsa da yamma ya kai ta. Ba a ce Lai'atu ta yi magana ba. Ba a faɗi inda Rahila ta kwana ba, ita da ta ƙirga shekara 7 tana jiran wannan dare. Gari ya waye, sai ga Lai'atu.

Amsar da Laban ya ba Yakubu kamar a zauren gidanmu aka yi ta: ba a haka a garinmu, a aurar da ƙanwa a bar ya. Ka cika mata kwana bakwai ɗinta, sai a ba ka ɗayar ma, ka ƙara shekara 7. Yakubu bai ja da tsawo ba, kuma ina ganin na san dalili. Shi da ya shiga rigar wa a gaban makahon uba, yau an sa masa ya a lulluɓin ƙanwa cikin duhu. Ramin da ya gina ne. Sai dai ba shi kaɗai ya faɗa ba, da 'yan mata biyu ya faɗa, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Cikin mako guda ya da ƙanwa, uba ɗaya, suka tashi daga 'yan'uwa suka koma kishiyoyi, aka kuma faɗa ƙarara cewa ya fi son Rahila. Mowa da bora tun ranar farko.

Abin da ya biyo baya shi muke kira kishi, muna dariya. Amma a saurari sunayen da Lai'atu ta raɗa wa 'ya'yanta. Mu da muka tashi muna jin habaici a bakin turmi, matar gida tana daka tana waƙa ana sane da wadda take yi dominta, ba ma bukatar mai fassara. Ɗan fari Ra'ubainu: Ubangiji ya ga wahalata, yanzu kam mijina zai so ni. Na biyu Saminu: Ubangiji ya ji ana ƙina. Na uku Lawi: wannan karon mijina zai manne mini, tunda na haifa masa maza uku. Ciki uku, naƙuda uku, duk saƙo ne zuwa ga mutumin da ke kwana a wancan ɗakin. A na huɗu, Yahuza, ta ce wannan karon Ubangiji zan yaba.

Masu wa'azi suna son tsayawa a nan. Ni ma a nan na tsaya ranar Talata, na ce ga shi ta daina neman miji ta koma ga Allah, mu yi koyi da ita. Ashe ban karanta gaba da kyau ba. A ɗanta na shida, Zabaluna, ta sake cewa yanzu mijina zai girmama ni, tunda na haifa masa maza shida. Ba ta warke ba. Ta yabi Allah da gaske, kuma ciwon yana nan. Na fi gaskata wannan Lai'atun a kan wadda na gabatar wa mata, domin ita ce irin waɗanda nake zama da su a benci ɗaya. Da ta haifi mace kuwa, Dinatu, aka faɗi sunan aka wuce, ba bayani, ba habaici. 'Ya mace ba ta shiga lissafin gasar ba.

Rahila kuma fa? Tana da zuciyar miji, ba ta da goyo. Wanda bai taɓa zama kusa da matar da ta yi shekaru ba haihuwa ba ne kawai zai yi dariyar maganarta. Yakubu bai rarrashe ta ba, fushi ya yi, ya ce shi ne Allah da ya hana ta? Ubansa Ishaku, da Rifkatu ta yi jinkirin haihuwa, addu'a ya yi mata. Shi kuwa faɗa. Sai ta miƙa masa kuyangarta Bilha, aka sami Dan da Naftali, sunan na biyun ma cewa ta yi na yi kokawa da 'yar'uwata na kuwa yi nasara. Lai'atu ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta miƙa Zilfa, aka sami Gad da Ashiru. Kabila huɗu cikin 12 na Isra'ila daga cikin waɗannan bayi biyu suka fito, amma ba a rubuta musu kalma ko ɗaya ba. Su suka yi naƙuda, iyayen gijinsu suka raɗa suna. Tambayar tsohuwar nan ta fi dacewa da su ma.

Inda labarin ya kama ni a wuya shi ne 30:14 zuwa 16. Lokacin girbin alkama yaro Ra'ubainu ya fita saura ya samo wani tsiro da mutanen can suke ɗauka maganin haihuwa ne da farin jini, wanda fassararmu ta Hausa ta kira manta'uwa. Ya kawo wa uwarsa. Rahila ta gani, ta roƙa a san mata. A duk labarin wannan ne kaɗai wurin da aka rubuta ya da ƙanwar suna magana da juna. Lai'atu ta ce, ƙwace mini miji da kika yi bai isa ba, har manta'uwar ɗana za ki haɗa? Rahila ta ce to, ki ba ni, shi kuma ya kwana wurinki yau. Da yamma Yakubu yana dawowa daga daji Lai'atu ta fita ta tare shi a hanya, ta ce ɗakina za ka shiga, na biya ladanka. Ya bi ta bai ce komai ba.

Dubi abin da wannan ciniki ya tona. Uwar 'ya'ya huɗu sai ta sayi kwana. Rabon kwana ya daɗe da rushewa a gidan, yana hannun mowa, ita ke bayarwa ita ke hanawa. Kuma Lai'atu ta yarda har zuciyarta cewa ita aka ƙwace wa miji, alhali Rahila ma tana da ikon faɗin haka, ta ma fi ta hujja. Kowace tana ganin abinta a hannun 'yar'uwarta. Tsiron ma bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba: wadda ta bayar da shi ita ta ɗauki ciki, ta haifi Issaka, ta ƙara biyu, kafin Allah ya tuna da Rahila ta haifi Yusufu.

Da na iso nan na rufe littafin, domin na taɓa jin maganar Lai'atu da kunnena, kuma ni aka faɗa wa.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, da maza uku a tsakani. Yaya ta girme ni da shekara 9. Bayan haihuwata Mama ta kwanta doguwar jinya, sai Baba ya cire Yaya daga firamare ta riƙe gida. A bayanta na girma. Ita ke tuƙa tuwo tana tsaye a kan kujera 'yar tsugunno saboda tukunyar ta fi ƙarfinta. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Ranar kasuwar Malumfashi in ya dawo, tsarabar ƙosai ko rake a hannuna yake fara sawa, ni ce mai rabo. Ni aka bari na yi sakandare, na wuce kwalejin horar da malamai a Zariya. Yaya aka aurar da ita a ƙauyen da ke gaba da namu, 'ya'yanta shida yanzu. Da ciwon ajali ya kama Mama, ita ta bar gidanta ta dawo wata takwas, tana wanki, tana juya ta, tana ba ta kunu a cokali. Ni ina aiko da kuɗin magani, ina zuwa ranar Asabar in koma Lahadi da yamma.

Bayan an yi jana'iza an watse, Gwaggo ta zaunar da mu a ɗakin Mama aka fito da kaya. Zannuwa, kwanuka, tasoshi, zanen zumunta guda biyu, tsohon Littafi Mai Tsarki da bangonsa ya cire. Duk aka raba ba gardama. Saura keken ɗinki, Butterfly baƙi na ƙafa, mai zanen ruwan zinariya da ya goge a daidai inda hannun Mama ke dafawa. Da shi ta ɗinka mana kayan Kirsimeti shekara da shekaru. Ni ko zare ban iya sa masa ba. Yaya ce ke ɗinki, da keken haya. Amma Mama ta taɓa cewa, ina ji, keken nan na Auta ne, sai na faɗa.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Tana ninke wani zane a cinyarta ta ce, "Auta, makarantar ba ta ishe ki ba? Har keken?"

Na ce, "Yaya, ni na cire ki?"

Gaskiya na faɗa, ba ni na cire ta ba, ina zanen goyo lokacin. Amma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta fi wannan muni ba. Gwaggo ta ce mu ji tsoron Allah, ƙasar kabari ba ta bushe ba. Aka kwance kan keken daga ƙafarsa aka sa mini a bayan mota. Shekara uku yana falona a Zariya, an rufe shi da leshi, da tukunyar fulawar roba a kai. Muna gaisawa da Yaya a waya, lafiya lau, ya yara, ya aiki, shi ke nan.

Ba ina cewa Baba Laban ba ne. Manomi ne mai mata a kwance da yara biyar, ya duba ya ga wadda za ta iya ɗaukar tukunya ya ɗora mata. Amma shi ya yi rabon, mu muka yi faɗan, kuma har ya koma ga Allah ba wadda ta taɓa tayar masa da maganar a cikinmu. Ya fi sauƙi ki harari 'yar'uwarki da ki tuhumi ubanki.

Lai'atu da Rahila sun fi mu a nan. A sura 31, da Yakubu ya kira su saura ya ce zai gudu, yana ƙorafin surukinsa ya sauya masa lada har sau 10, sai suka amsa da baki ɗaya. Suka ce wane gādo ya rage mana a gidan ubanmu? Ba baƙi ya ɗauke mu ba? Ya sayar da mu, ya kuma cinye kuɗinmu. Shekara 14 na aikin Yakubu su ne sadakinsu, kuma ko ƙwandala ba ta shiga hannunsu ba. Sau ɗaya tak suka ce "mu", ranar da suka kira abin da sunansa. Rahila har ta wuce nan, ta sace gumakan gidan ubanta ta cusa a sirdin raƙumi ta zauna a kai, da ya zo bincike ta ce ya yi haƙuri ba za ta iya tashi ba, al'adar mata ta same ta. Gidan da kowa ya iya wayo, ita ma ta nuna 'yar gida ce.

Sai dai haɗin kan bai sauka kan yara ba, domin Yakubu bai daina nuna bambanci ba. A sura 33, da ya hango Isuwa tafe da mutum 400, sai ya jera iyalinsa: kuyangi da 'ya'yansu a gaba, Lai'atu da nata a tsakiya, Rahila da Yusufu can baya. In takobi ya faɗo, an san wanda zai fara ci. Yaran nan suna da ido. Don haka idan muka iso sura 37, Yusufu ɗan shekara 17 da rigarsa ta musamman, yana kai ƙarar 'ya'yan Bilha da Zilfa wurin uba, har suka jefa shi rijiya suka sayar da shi azurfa 20, kada mu ce daga sama abin ya faɗo. 'Yan ubanci ne, mun san shi, a nono ake shan sa. A gidan kakanmu, wanda ya shiga bi, wato ya zama Kirista, da matansa biyu, jikoki har yau suna cewa "ɗakinmu" da "ɗakinsu", alhali tsofaffin biyu sun daɗe a ƙasa.

Shari'ar Musa da ta zo daga baya kamar gidan Yakubu take kallo. Littafin Firistoci 18:18 ya hana mutum ya auri 'yar'uwar matarsa ta zama mata kishiya tana da rai. Maimaitawar Shari'a 21:15 zuwa 17 ta ce mai mata biyu, ɗaya mowa ɗaya bora, in ɗan farinsa na bora ne ba shi da ikon ba ɗan mowa rabon ɗan fari. Da na ba wata abokiyar aikina Musulma labarin a ɗakin malamai, ta ce ai su ma haka ne, Suratun Nisa'i aya ta 23 ta haramta haɗa 'yan'uwa mata biyu a aure. Ta riƙe baki ta ce, "Ya da ƙanwa? Wannan uba bai kyauta ba." Ita ma uban ta fara gani. Ni kaɗai ce na tsaya gaban mata na ɗora wa 'yan matan laifi.

Rahila, wadda ta ce a ba ta 'ya'ya ko ta mutu, wurin haihuwar na biyu ta rasu, a hanyar Efrata, wato Baitalami. Da numfashinta na ƙarshe ta kira shi Ben-oni, ɗan baƙin cikina, uban ya sauya ya ce Biliyaminu. A bakin hanya aka binne ta. Lai'atu kuwa ba a ba da labarin mutuwarta ba sam. Sai can a 49:31, Yakubu yana gargarar mutuwa a Masar yana wasiyya a kai shi kogon Makfela, inda Ibrahim da Saratu suke, da Ishaku da Rifkatu, sai ya ce a can na binne Lai'atu. Wasu suna cewa ga shi a ƙarshe ita ta samu, ita ce ke kwance kusa da shi, daga tsatsonta Musa da Haruna suka fito ta wajen Lawi, Dawuda da Almasihu ta wajen Yahuza. Duk gaskiya ne. Amma ban san matar da za ta yarda a biya ta kwanan duniya da maƙwabtakar kabari ba. Ko a wasiyyar ma, ya ce Saratu matar Ibrahim, Rifkatu matar Ishaku, da ya zo kanta sunanta kawai ya faɗa.

Kirsimetin da ya wuce na sauke tukunyar fulawar, na sa yara suka ɗora keken a mota. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana tankaɗe. Aka sauke shi a gabanta. Ba ta ce na gode ba, ni ma ban ce ki yafe ni ba, ko da yake tun daga Funtuwa nake haddace yadda zan faɗa. Ta kakkaɓe hannunta a zane, ta yaye leshin, ta juya ƙafar da tafin hannu, ta kara kunne.

Ta ce, "Auta, shekara uku ko mai ba ki ɗiga masa ba?"

Ta aiki autanta ya karɓo man keke a maƙwabta. Igiyar ta riga ta bushe, tana taɓa ta ta tsinke gida biyu. Ta ce in na koma in shiga kasuwar Sabon Gari in sayo mata sabuwa, da allurai lamba 16, in ba direban da ke zuwa ranar kasuwa. Kada in sayo na arha, in ji ta, ba sa jure atamfa.